Faifan Rijiyar Tsamiya

Duk wanda ya zauna a Magariya kafin shekarar fari ya san Illo Mai Igiya, in bai san sunansa ba ya san ƙararsa. Dogon Bafulatani ne siriri, kullum da naɗin igiya a kafaɗa ɗaya, a ɗayar kuma jakar fata mai yin kacau-kacau duk inda ya ɗaga ƙafa. Mata masu tuyar ƙosai a bakin tasha kan ce masa, "Baba Illo, ku dai ko sata kuka so yi ba za ku iya ba." Sai ya yi murmushi ya wuce, don ba mai yawan magana ba ne. Ƙarancin maganar nan kuwa shi ya ci shi daga ƙarshe.

Abin da ke cikin jakar ba abin a zo a gani ba ne. Marafan gwangwani ne, na madara da na tumatir, an bubbuge su sun miƙe. Shi faya-fayai yake ce musu. A cikinsu rijiyoyin ƙasar nan suke kaf, tun daga Dantchiao har bayan Mallawa.

An haife shi a wata ruga gabas da Dantchiao, gidan masu shanu da 'yar gonar gero a bayan ɗaki. Tun zamanin Nasara biron, wato ofishin, da ke kula da rijiyoyi ya ɗauke shi ya riƙa nuna hanya, saboda ba burtalin da bai taka ba. Daga nuna hanya ya koma gwaji. Yakan zura igiya mai dutse a baki, ya jawo, ya auna da gaba, ya ɗanɗani ruwan, sannan ya tambayi masu shayarwa wata nawa take kaiwa ba ta ƙafe ba. Bai taɓa shiga lekol, makarantar boko, ba, allon ma bai wuce surorin salla ba, don haka ya ƙirƙiro nasa rubutun da ƙusa da bakin wuƙa. Kowace rijiya da faifanta. Hudojin gefe zurfi ne, kowace huda gaba guda. Zanen wuƙa watannin ruwa ne. A tsakiya kuma yakan buga alamar da mai rijiyar ke sa wa shanunsa, don a ganinsa Bello sun yi yawa a duniya, amma alamar shanu ba ta ruɗa kowa. Daga nan sai ya zura su a waya, kowane burtali da wayarsa, bi da bi yadda garke zai iske su in ya taso daga arewa.

Takardun biron gara ta cinye su sau biyu, rufi ya yi yoyo a kansu sau ɗaya. Gwangwanin Illo ba abin da ke samunsa sai tsatsa, ita ma yana bin ta da toka da man gyaɗa duk ranar Alhamis. Kowane sabon shugaba da aka turo sai ya yi wa jakar dariya a makon farko, a mako na uku kuma ya aika a kirawo mai ita. Aibinta ɗaya ne, ba mai iya karanta ta sai shi.

Faifai guda ne kaɗai ba komai a tsakiyarsa. Na Rijiyar Tsamiya ne, wadda ke kan burtalin Mallawa, tafiyar rabin sa'a daga Garin Ɗan Azumi. Huda goma sha tara a gefe, zane goma sha biyu, wato ba ta ƙafewa duk shekara. Wanda ya haƙa ta Hammadu ne, ɗan farin Illo, shi da 'yan'uwan matarsa Kadi, rani biyu suna tono suna fid da ƙasa da ƙwarya.

Wanda bai tashi cikinsu ba zai ce wauta ce, amma a gidan su Illo uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa, ko "ɗana" ba ya cewa. In yana kusa ya ce "kai", in yana nesa ya ce "wancan". Ba ƙiyayya ba ce ko kaɗan. Ranar da ruwa ya ɓullo a Rijiyar Tsamiya Illo ya zo da igiyarsa, ya auna, ya sha, ya ce, "To, ba laifi." Sannan ya zaga bayan tsamiyar ya yi ta share hawaye don murna. Da ya zo buga alama a faifan, ya ɗora ƙusa a tsakiya, sai ya ji kamar a tsakar kasuwa zai ƙwala wa yaron kira. Ya janye hannu. Ya ce a ransa, wa zai karanta in ba ni ba, ni kuwa ai na san mai ita.

Sai fari ya zo. A shekarar saba'in da uku gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, ciyawa ta ƙare, shanu suka riƙa kwanciya ba sa tashi. Ruwa na nan a Rijiyar Tsamiya, amma saniya ba ta rayuwa da ruwa kaɗai. Hammadu ya tattara abin da ya rage masa, ya sa Kadi da yara a gaba zai ƙetara iyaka ya yi kudu. Ya biyo ta Magariya don sallama. Suka zauna a zaure, uba na duban ƙofa, ɗa na duban ƙasa.

"Baffa, za mu tafi," in ji Hammadu. "In Allah ya kawo sauƙi za mu dawo. Rijiyar nan dai ku sa mini ido a kanta. Ita kaɗai na bari."

"An ji," in ji Illo.

Abin da ya faɗa ke nan. Matarsa Barakatu, uwar Hammadu, ta rasu a daminar da ta biyo ba ta sake ganin ɗanta ba, amanar ta rage a wuyan Illo shi kaɗai.

Shekara uku bayan haka, da ƙasa ta fara farfaɗowa, aka ce za a ɗaure rijiyoyi da siminti, amma sai an san su duka a rubuce. Aka turo wani magatakarda daga Damagaram, Malam Ari, Babarbare mai tsafta, mai alƙalami uku a aljihun gaba. Ya zo da wani dogon akwatin ƙarfe mai aljihuna da yawa da yake kira armuwar. A bangon biro ya zana bishiya da alli. Gindinta arondisma, wato gundumar gaba ɗaya, manyan rassa kantoci, wato ƙasashen sarakuna, ƙananan rassa garuruwa, ganyen kuma rijiyoyi. Haka aljihunan armuwar ɗin ma suke, babba da ƙanana a cikinsa. Kowace rijiya za a yi mata kati biyu masu gidaje-gidaje, harafi ɗaya a gida ɗaya. Ɗaya ya zauna a nan, ɗaya ya tafi Yamai, inda a cewarsa wata na'ura za ta karanta. Ya ce na'urar ba ta san komai ba sai abin da ke rataye a jikin bishiyar nan.

Kada a ɗauki alhakin Malam Ari, mutumin kirki ne. Shi kaɗai ne a cikin duk waɗanda aka turo bai yi wa jakar dariya ba. Ya juya faifai ɗaya a hannu, ya sa aka yi masa bayani, ya girgiza kai.

"Baba Illo, wannan ai ajiya ce cikakkiya. Ba za mu zubar da ita ba. Za mu ɗaura ta a jikin bishiyarmu, kowane faifai da katinsa, a ƙarƙashin garin da ya fi kusa da shi. Ku kuna karantawa, ni ina rubutawa."

"Burtali fa, Malam? A wane reshe yake?"

Malam Ari ya dubi bangon. "Ba shi da reshe," ya ce. "Burtali wucewa yake yi, ba ya zama a gari ɗaya."

Haka aka warware wayoyin. Rijiyoyin da suka shekara talatin suna maƙwabtaka a waya ɗaya suka rabu, wannan ta tafi aljihun sama, waccan na ƙasa. Abin ya yi wa Illo ciwo, amma ya daure. Akwai kuma doka guda da Malam Ari ya karanta tun ranar farko, ya maimaita da Hausa har sau biyu. Rijiyar da aka rubuta sunan mai ita, za a bar mata filinta da hanyar shanunta. Wadda ba ta da suna kuwa ta zama ta garin da aka rataya ta a ƙarƙashinsa, maigari ya yi yadda ya ga dama da kewayenta. Illo ya ji, ya kuma gane sarai.

Kwana arba'in suna aikin, ana kiran masu gari da dattawa su zauna shaida. Ranar da aka zo kan rijiyoyin Mallawa biron ya cika da manoma, Maigari Ɗan Azumi a kan kujerar gaba. Fulanin burtalin kuwa ba ko ɗaya, duk suna kudu ba su dawo ba. Illo ya ɗauko faifan.

"Rijiyar Tsamiya. Gaba goma sha tara. Ba ta ƙafewa."

"Mai ita?" in ji Malam Ari, bai ɗago ba.

Illo ya shafa tsakiyar faifan da babban yatsa. "Ta mutanen da suka tafi ce."

"Suna nake so, Baba. Gidajen nan haruffa suke ci."

Sunan na nan a kan harshensa, amma ido ashirin na kansa. Ya juya ya dubi Maigari Ɗan Azumi. Duk ɗakin ba wanda bai san mai rijiyar ba sai Malam Ari. Maigari ya sha ruwanta, ya ci naman sunan 'ya'yan Hammadu. Kuma a irin wannan wuri wani na gefe ne ke ɗauke wa uba nauyi, ya faɗi sunan a wuce wurin, kowa ya san haka. Sai Maigari ya sunkuya yana kakkaɓe wani abu daga rigarsa da ba wanda ya gani. Garinsa ya cika da baƙi tun fari, gonaki sun yi kaɗan, ƙasar da ke kewaye da rijiyar kuwa ta sha takin shanu shekara da shekaru. Daga baya ya yi ta rantsuwa cewa hankalinsa ba ya wurin, amma ba wanda ya yarda.

Malam Ari ba baƙon kunyar ɗan fari ba ne, a Damagaram ma ana yi. Sai dai kwana arba'in suna zaune gwiwa da gwiwa, Illo bai taɓa nuna yana da ɗa ba, to ta ina zai gane? Ya karɓi faifan, ya ga tsakiyarsa fayau, ya ja layi a gidajen suna. Ya haɗa shi da katin ya saka a aljihun Garin Ɗan Azumi, ya ce a kawo na gaba.

Illo bai tsorata sosai ba a ranar. An ce katunan Yamai ba za su tafi ba sai ƙarshen wata, saura kwana goma sha ɗaya. Washegari ya zo da sassafe, ya iske Malam Ari shi kaɗai, ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana maganar igiya ta tsufa. Rana ta biyu ma haka, ya yi maganar tsatsa ya fito. Rana ta uku ya nemi hanyar da ta fi masa sauƙi. Ya samo sabon marfi, ya zauna a tsakar gida, ya buga huda goma sha tara da zane goma sha biyu, sannan ya ciji leɓe ya buga alamar Hammadu a tsakiya, ƙafar zabo da layi ɗaya a ƙasa. Zai miƙa wa Malam Ari ya ce a tambayi kowane makiyayi ta wa ce. Da ya isa biro sai ya ga sawun mota a ƙofa. Wani direba ne ya kawo kaya, aka ga ba dalilin ya koma wofi, aka ɗora masa katunan tun da hantsi.

Duk da haka ya miƙa faifan. Malam Ari ya kai shi kasuwar shanu, dillalin farko da ya gani ya ce, "Ai ta Hammadu ce, ɗan farin Illo Mai Igiya." Malam Ari ya dawo biro ya zauna ya dafe kai.

"Baba, don Allah me ya hana ku ja ni gefe?"

Illo ya mai da idonsa kan bishiyar allin nan.

Wasiƙa uku Malam Ari ya rubuta. Bayan wata bakwai amsa ta zo cewa ana iya gyara, amma sai mai rijiyar ya zo da ƙafarsa, tare da shaidar da zai ambaci sunansa a gaban magatakarda. To ina za a ga mai rijiyar? Illo ya buga alamar ƙafar zabo a marafai goma sha biyu, ya rarraba wa fatake da dillalan da ke ƙetara iyaka. Yakan ce, "In kun ga shanu masu wannan, ku ce wa mai su ana nemansa a gida."

Masu siminti ba su jira kowa ba. Suka ɗaure Rijiyar Tsamiya ta yi kyau, har da dandamali. Maigari ya raba filin kewaye. Illo kuma ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi: duk wata yakan taka har can ya auna faɗin burtalin da igiyarsa. Da fari gaba arba'in ne. Bayan damina ɗaya ya koma ashirin da biyu, don kowane manomi in ya zo huɗa sai ya ɗan ƙara kunya ɗaya, wai ba ta komai. Daga nan gaba tara, daga nan uku. Ranar da ya je ya ga ba inda zai shimfiɗa igiyar, ya naɗe ta ya zauna a gindin tsamiya har la'asar.

Hammadu ya dawo a farkon daminar saba'in da takwas. Wani bafatake ne ya gane alamar a wata kasuwa can kudu ya ba shi marfin. Ya bar Kadi da yara, ya koro shanu goma sha huɗu, su ne suka rage daga garken da ya tafi da shi. Ya nufi rijiyarsa kai tsaye, ya iske gero ya kai gwiwa ta kowace fuska. Shanun sun ji ƙanshin ruwa suna ta kuka, shi kuma yana tare su da sanda kada su shiga gonar mutane. Maigari Ɗan Azumi ya fito da fara'a, ya yi masa barka da zuwa, ya ce ruwa na Allah ne, ya ɗebo da guga ya kai musu bakin gona, ba mai hana shi. Haka mutumin da ya haƙa gaba goma sha tara da hannunsa ya wuni yana jigilar ruwa a ka kamar baƙo.

Washegari da hantsi ya iso Magariya. Ya rame, gemunsa ya fara furfura. Suka gaisa a zaure yadda suka saba, ba mai duban wani. Illo bai bari ya sha ko fura ba, ya miƙe ya ce, "Taso."

Biron cike yake, ranar kasuwa ce. Illo bai jira a tambaye shi ba, bai jira a watse ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya ɗaga murya yadda ba a taɓa jin ya yi ba.

"Malam Ari, ga Hammadu. Hammadu ɗan Illo. Ɗana ne na fari. Rijiyar Tsamiya tasa ce, shi ya haƙa ta, ni ne shaida."

Wani tsoho Bafulatani da ke bakin ƙofa ya rufe fuska da rawaninsa. Hammadu ya juya baya yana duban bango, kafaɗunsa na motsi. Shekararsa arba'in da ɗaya a duniya, bai taɓa jin yadda sunansa yake a bakin ubansa ba.

Malam Ari ya ajiye alƙalaminsa. Sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da wata takarda. Wata biyu ke nan da zuwanta, kullum yana cewa gobe zai gaya wa tsohon, ya kasa. Ya karanta a hankali. Duk rijiyar da aka riga aka ɗaure da siminti ta zama ta jama'a, an rufe ƙofar gyara a kanta.

"Ku gafarce ni, Baba," ya ce. "Ni ma na yi shirun da bai kamata ba."

Suka fito. A inuwar bango Hammadu ya tsuguna, idonsa a ƙasa.

"Da kun bar shi, Baffa," ya ce. "Kun faɗa a banza."

Ba da fushi ya faɗa ba. Tausayin tsohon yake ji, da ya tuɓe kunyar shekara arba'in a gaban 'yan kasuwa bai samu komai ba, kuma tausayin nan ya fi wa Illo zafi a kan zagi. Ya so ya ce ba a banza ba ne, ya so ya ce tun ranar da ruwa ya ɓullo ya kamata ya faɗa. Bai iya ba. Ya laluba jaka ya fito da sabon faifan nan mai alama a tsakiya ya miƙa masa. Hammadu ya karɓa da hannu biyu ya saka a aljihu. Bai kwana ba, don ya bar shanu a hannun wani a bakin gonaki, kuma da damina ba inda zai tsayar da su a ƙasar da ba ta da burtali. Kafin la'asar ya kama hanyar kudu.

Bayan wannan biron bai ƙara bukatar Illo ba, tunda kowa na iya jawo aljihu ya karanta kati. Malam Ari ya rubuta sunan Hammadu da fensir a bayan katin da ya rage, ya san ba zai yi amfanin komai ba, ya dai rubuta. Tsohon faifan na nan manne da shi a ƙarƙashin Garin Ɗan Azumi, tsakiyarsa fayau. Yaran garin ma ba su daɗe ba suka koma ce mata Rijiyar Maigari.

Illo bai daina ratayo jakarsa ba, sai dai yanzu ba ta ƙara, har masu ƙosai suka daina tsokanarsa. Duk ranar kasuwa yakan je wurin shanu ya bi dillalai da fatake ɗaya bayan ɗaya. Ba ya nuna marfi kuma, da baki yake tambaya, da ƙarfi, kowa na ji.

"Ko kun ga Hammadu? Hammadu nawa, mai ƙafar zabo. Ko kun ji inda Hammadu ya sauka?"

Dattawan Fulani kan sunkuyar da kai don kunya, shi ko a jikinsa. Ya rasu da kakar shekarar da ta biyo, ana yankan gero a kewayen rijiyar. Maƙwabciyar da ke kai masa kunu ta ce har ranar ƙarshe sunan yake kira, yana yi yana dakatawa, kamar mai sauraron a amsa daga zaure.